Allunan Yumɓu na Yaya Ɗayyabu

Yayana Ɗayyabu ya yi shekara talatin da wani abu yana koyar da tarihi a makarantun sakandare, daga Ringim aka mayar da shi Jahun, daga Jahun aka kawo shi Dutse, kuma duk inda ya je da magana ɗaya yake tafiya: yaushe aka fara rubuta yaren su wane, yaushe aka fara rubuta na su wane. Ni Maijidda, autar gidanmu, ɗinki ne sana'ata, ban taɓa zama a ajinsa ba, amma na sha darasin nan har ya ginshe ni. Ya yi mana shi a gidan suna, ya yi a cikin mota, ranar sadakar bakwai ta kawunmu ma sai da ya yi wa wani bawan Allah da ya yi kuskuren zama kusa da shi.

Gidanmu gidan malamai ne, a wani ƙauye da ke bakin fadama ta wajen Ringim. Baba yana da makarantar allo a ƙofar gida. Da aka matsa wa dagaci a kan kowane gida ya ba da yaro ɗaya a kai boko, sai Baba ya duba 'ya'yansa maza biyu, ya riƙe Sharhabilu saboda shi ne mai saurin hadda, ya ba da Ɗayyabu saboda yawan tambayarsa ta ishi kowa. Sharhabilu ya gaji makarantar, yana nan yana riƙe da ita har yau. Ɗayyabu kuwa ya tafi da tambayoyinsa, ya dawo da waɗanda suka fi su.

Abin da ya koyo a kwalejin malamai da ya hana shi sakat shi ne wai Turanci da yaren Indiyawan da muke kallo a fim da na mutanen Farisa da na Girka duk 'yan gida ɗaya ne. Kakarsu ɗaya, kuma ita kakar babu wanda ya taɓa rubuta ta, a bakin masu ita ta ƙare. Wanda aka fara gani a rubuce a duk dangin, in ji shi, yaren wasu mutane ne da ake ce wa Hitti, a ƙasar da yau take Turkiyya, kusan shekara dubu huɗu ke nan. Su ɗin ma ba su suka fara rubutawa ba. Baƙin fatake ne suka zo kasuwanci suna rubuta harkarsu da nasu yaren a kan yumɓu, sai sunayen 'yan gari da 'yan kalmominsu suka shiga ciki. Bayan wasu ɗaruruwan shekaru sai Girkanci, shi ma ba wani abin a zo a gani aka rubuta ba, tumaki ne da tulunan mai.

Nan ne wurin da yake ɗaga yatsa. A kan ɗanyen yumɓu Girkawan suka yi rubutunsu, ba su yi niyyar ya daɗe ba. Gobara ce ta ci fadar sarakunansu, ta gasa allunan yadda ake gasa tukunya, shi ya sa suka kawo yau. Daga nan sai ya gangaro kan Latin, da Farisanci da aka sassaƙa a jikin dutse, da Indiyawa da suka haddace karatun addininsu baki da baki tsawon zamani kafin su sa shi a rubuce. Turanci da muke yi wa rawar jiki, sai bayan Hijira aka fara rubuta shi sosai. Akwai ma na mutanen Albaniya da bai cika shekara ɗari shida a rubuce ba.

In na ce, “To Yaya, mu ina ruwanmu?” sai ya ce, “Maijidda, duk shekarun nan kafin a rubuta, mutane suna magana fa. Uwa tana kiran ɗanta, tana yi masa faɗa. Ina maganar take yanzu?”

Akwai lokacin da aka cire tarihi daga manhaja, aka ba shi wasu darussan ya riƙa cikewa da su. Bai yi gardama da kowa ba, ba halinsa ba ne. Sai dai ya riƙa dawowa gida kafaɗa a sake, ya jingine kekensa, ya zauna bai cire hula ba. Matarsa Bilkisu ta ce ko a cikin darasin zaman jama'a sai ya saci hanya ya kai yara wajen Hitti, su kuma suna hamma.

A wannan tsakanin ne ya juyo kan Inna, mahaifiyarmu. Baba ya riga ya rasu, ita kuma ta tsufa, kuma bakinta ba irin namu ba ne. Tana cewa akushi da masaki da kwatarniya, jikokinta suna kallonta don su roba da kula suka sani. Tana da waƙoƙin niƙa, tana da sunan kowane irin gero da dawa da aka daina shukawa, tana da wata irin tsokana da in ta yi maka sai ka kwana kana dariya. Yaya ya fara da rikoda, amma Inna in ta ga an danna sai ta ƙame kamar an kai ta gaban alƙali. Ya koma takarda, ya cika littattafai, ya ajiye a tsohon ɗakinsa na ƙauye. Damina ɗaya gara ta cinye su, tare da rabin takardun Baba. Ranar da ya buɗe akwatin ya ga sun zama ƙasa, ya ɗauki ƙwarya ya nufi fadama ya ɗebo yumɓu.

Haka aka shiga shekarun laka. Duk hutu zai zo ƙauye, ya cuɗa yumɓu, ya daɓe shi faɗin tafin hannu biyu, ya zauna kusa da murhun Inna da ɗan tsinken kara da ya fiƙe. Duk abin da ta faɗa sai ya rubuta, ba ya zaɓe. In ta kori akuya ya rubuta, in ta ce gishiri ya yi yawa ya rubuta. Sharaɗi ɗaya ta kafa masa: in dai maganarta ce, da baƙaƙen mijinta za a rubuta, ba da na boko ba. Sai ya yi da ajami. Ni kuwa takaici nake ji, mutum da gemunsa, malamin makaranta, ya zauna cikin mata yana wasa da laka, riga duk ta ɓaci, kuma ni ce mai ɗinka wata.

Allunan sun bushe, saura gashi. Ɗanyen yumɓu ko ya bushe kamar dutse, ruwa na taɓa shi ya koma laka. Yaya ya jera su a kwando ya kai wa Gwaggo Larai, maginiyar tukwanen garinmu, na bi shi don in ga yadda za a ƙare. Gwaggo ba ta yi karatu mai zurfi ba, amma ta ɗauki ɗaya ta karkata shi a rana, ta nuna layin farko.

“Ɗayyabu, wannan na sama ba Bisimillah ba ce?”

Ya karɓa ya duba. Ya ɗauki wani, ya ɗauki wani. Duk suna da ita. Hannun da ya koyi rubutu a gaban Baba ba ya iya fara layi da baƙaƙen nan ba tare da ita ba, shi kansa bai lura yana yi ba.

“Da me kake zaton muke gashi a matoya?” in ji Gwaggo. “Kashin shanu ne da ƙaiƙayi. Ni Larai in sa sunan Allah a cikin kashin shanu? Ka rufa mini asiri, ɗan nan.”

“Gwaggo, a yi da itace zalla mana.”

“Matoyar tawa ce ni kaɗai? Mu nawa ne muke haɗa tukwane a hura wuta ɗaya? In kana so ka kankare na saman, ka kawo.”

Ya dawo gida ya ɗauki wuƙa, ya zauna da allo ɗaya a cinya har rana ta karkata. Bai kankare ba. Ɗan Malam ne, duk bokonsa.

Sai ya ce zai gasa da kansa. Ya zaɓi wasu sababbi da ba su gama bushewa ba, ya hura wuta mai ƙarfi a bayan gida ya jefa su. Muna tsakar gida muka ji suna fashewa kamar ana suyar gurguru. A cikinsu har da doguwar waƙar niƙan Inna, kuma da ya koma ya ce ta maimaita, rabi ta tuna. Daga ranar tsoro ya shige shi. Ba a daɗe ba Inna ta rasu, allunan da suka rage suka zama su ke nan, babu inda za a samo wasu.

Ya jera su a kan katako a tsohon ɗakinsa, tare da littattafansa na tarihi da ya tara tun yana ɗalibi, don gidan hayarsa na Dutse ba wuri. Ɗakin na ƙasa ne, rufin ya tsufa. Duk damina in na je sai in ga gefen wasu ya zagwanye, wasu baƙaƙen sun shafe. Na yi magana har na gaji da jin muryata.

“Yaya, ɗakin nan yana yoyo. Maganar Inna tana narkewa kana kallo.”

“Na sani, Maijidda. Bari in yi ritaya. Zan nemi itace mai kyau, in zauna da Gwaggo ta nuna mini yadda ake bi da wuta a hankali.”

Gwaggo Larai ta rasu kafin ya yi ritayar. Da ya yi kuma, zirga-zirgar takardun fansho ta cinye masa shekara, kullum yana cikin adaidaita daga wannan ofis zuwa wancan. Wata safiya yana alwala buta ta faɗi daga hannunsa. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ta ɗauke. Mutumin da ya cika mana kunne shekara da shekaru, kalma ɗaya aka bar masa a baki, ita ce “to”. Za ka ci abinci? To. A juya ka? To. Ko ba ya so, ita ɗin ce dai. Amma in na shigo ɗakin sai ya bi ni da ido, ya ɗaga hannun hagu ya nuna arewa, wajen gida. Na san abin da yake tambaya, sai in ce suna nan lafiya, alhali na kwana biyu ban je ba. Ɗinkin sallah, yara, ciwon baya, ni ma na gaji.

Cikin watan Agustan bana Khadijatu, matar Yaya Sharhabilu, ta kira ni a waya da hantsi.

“Maijidda, in za ki zo ki zo. Bangon ɗakin Yaya Ɗayyabu ya zube tun wancan makon. Allunan da ruwa ya taɓa sun tafi, sauran maigidana ya kwashe ya shanya a tabarma. Jiya ya ga kaza ta hau kai, ransa ya ɓaci, ya ce yau zai kawar da su. Ina jin wankewa zai yi.”

Wanda bai tashi a gidan malamai ba ba zai gane ba. Mu a wurinmu rubutun da ke da sunan Allah ba a barinsa a wulaƙance. Allo in an gama da shi wankewa ake yi, takarda in ta tsufa ƙonawa ake yi a binne tokar. Yaya Sharhabilu ba mugunta zai yi ba, girmamawa zai yi, kuma ƙwarya ɗaya ta ruwa ta isa ta gama da Inna.

Na kira wayarsa tana kashe, kamar kullum. Na bar ɗinki a kan keke na tafi tasha. Mota ta ƙi cika. Da ta cika direba ya tsaya shan mai, ya tsaya ɗaukar buhuna, ya tsaya gaisawa da surukinsa. Ina zaune a matse tsakanin wata mata da kajinta, ba ni da ƙarfin ko yin faɗa. Sai bayan la'asar na sauka, kuma tun daga bakin hanya na hango hayaƙi a bayan gidanmu.

Na sami Yaya Sharhabilu tsaye a bakin wani rami da ya haƙa, ya naɗe hannun riga, gumi ya jiƙe shi, ido ya yi ja. Shi ma ya tsufa, ban taɓa lura ba sai ranar.

“Yaya, me ka yi?”

“Abin da ya kamata a yi tun tuni. Na so in wanke, sai na ga in na wanke laka za su koma, a zubar, a taka da ƙafa. Sai na ce a ƙona.”

“Littattafansa fa?”

“Ruwa ya manne su da takardun Baba, ba a iya rabawa. Akwai ayoyi a ciki. Duk na haɗa.”

Na zauna a kan turmi. Littattafan da mutumin nan ya hana kansa sutura ya saya, ya yi ta yawo da su gari gari, sun tafi. Na buɗe baki zan zazzage masa abin da ke cikina, sai ya share gumi ya ce cikin ƙosawa:

“Takardun da danshi, da ƙyar suka kama, sun fi awa suna hayaƙi kawai. Su kuma waɗannan abubuwan na Ɗayyabu, taurin kai kamar mai su. Tun hantsi nake zuba musu itace, na ƙarar da karan dawar Khadijatu, sun ƙi cinyewa. Dubi, sai ja suke ƙara yi.”

Na tashi na leƙa ramin. Suna kwance a cikin garwashi jajir, baƙaƙen suna nan a jikinsu. Itace ne da kara zalla, babu kashin shanu ko ɗaya, wutar ta fara a hankali ta daɗe tana ci. Darasin da na sha har ya ginshe ni ya dawo mini gaba ɗaya, da yatsan da ake ɗagawa.

“Ƙara itace, Yaya,” na ce.

Ya dube ni da mamaki, ya zaci faɗa zan yi. Na je da kaina na kwaso itacen girkin gidan na zuba. Da magariba ta gabato ya ɗauko bokiti zai kashe wutar, na riƙe hannunsa, abin da ban taɓa yi ba tun da aka haife ni. Na ce a bar ta ta mutu da kanta.

Da safe ya zo da shebur zai binne toka, ya tarar da ni durƙushe ina tonawa da kara. Da yawa sun fashe, wasu sun rabe biyu, wasu sun yi baƙi ba a ganin komai. Amma waɗanda suka fita lafiya sun cika ƙaramin daro.

“Maijidda, da sunan Allah a jikinsu fa.”

“Ba a ƙasa za su zauna ba, Yaya. A saman durowata zan sa, in rufe da sabon zane. Kuma yanzu ko ka wanke ba za su wanku ba.”

Ya ɗauki ɗaya ya juya, ya karanta layi biyu a zuci. Na ga leɓensa ya motsa. Ya mayar a hankali, ya ce in gaida ɗan'uwansa, ya juya ya fara tura toka da shebur.

Na iso Dutse da azahar, daro a cinya duk hanya. Bilkisu ta fito da Yaya Ɗayyabu baranda, an jingina shi da filo, ya rame, hular ta yi masa yawa. Ban ɓoye masa ba. Na ce ɗakin ya zube, na ce littattafansa duk sun ƙone, ko ɗaya bai rage ba. Ya rufe ido. Ya daɗe a haka, har Bilkisu ta harare ni.

Sai na yaye zanen, na ɗauki allo ɗaya na ɗora masa a cinya. Ya buɗe ido ya ga launin. Ya sa hannun hagu ya shafa, sa'an nan ya tanƙwara yatsa ya ƙwanƙwasa, yadda mata ke gwada tulu a kasuwa. Allon ya yi ƙara, siririya mai tsabta. Ya sake ƙwanƙwasawa. Hawaye ya gangaro ta ɓarin da ya shanye, bai ji shi ba balle ya share.

Ya turo mini allon da yatsa. Ajamina na makarantar Baba ne, ya yi tsatsa, sai da na bi baƙi baƙi. Ba waƙa ba ce, ba sunan gero ba ne. Irin wanda yake rubutawa ne yana zaune bakin murhu, da nake ce masa ɓata laka. Na karanta a bayyane, kuma ban san lokacin da muryata ta koma irin tata ba:

“Ɗayyabu, ajiye lakar nan haka. Dubi wuyanka, ka gaji. Wanke hannu ka zo ka ci tuwo tun bai huce ba, gobe ma rana ce.”

Yaya ya ɗaga kai ya kalli ƙofar kicin.

“To,” ya ce.